Fashin Baƙi: Abin da Ya Sauya a Tuƙin Ƙaramar Mota Tsakanin Jiya da Yau

Duk wanda ya taɓa tuƙa ƙaramar mota irin ta shekarun 1970 ko 1980, wato masu ƙofar baya da ake ɗagawa sama kamar Volkswagen Golf ta farko, Renault 5, Ford Fiesta ko Peugeot 205, sannan ya zauna a kujerar direba ta jikanyarta da ake ƙerawa a yau, zai ji cewa wani abu ya sauya tun kafin ya sha kwanar farko. Tsofaffin direbobi kan ce sababbin motocin ba su da rai, mutum yana murza sitiyari amma ba ya jin abin da taya ke yi a ƙasa. Waɗanda suka koyi tuƙi da sababbi kuwa, idan aka miƙa musu makullin tsohuwa, abin da suke fara kuka da shi shi ne ƙarar inji, da taurin sitiyari wajen fakin, da birkin da sai an taka shi da gaske kafin ya kama. Kowane ɓangare gaskiya yake faɗa, kuma kusan duk abin da suke ji yana da tushe a wasu sauye-sauyen ƙira waɗanda za a iya bin diddiginsu ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko shi ne cewa ƙaramar mota ta daina zama ƙarama. Golf ta farko da ta fito a 1974 tsawonta kimanin mita 3.7 ne, nauyinta kuma yana kusa da kilo 800. Volkswagen Polo ta yanzu, wadda ake ɗauka a matsayin ƙanwar Golf, ta haura mita 4, wato ta fi Golf ta farko da ta biyu tsawo, nauyinta kuma ya wuce kilo 1,100. Haka abin yake a Faransa: Peugeot 205 ta 1983 tana da tsawon kusan mita 3.7, kuma masu ƙaramin inji a cikinsu ba su kai kilo 800 ba, alhali 208 da ke riƙe da gurbinta a yau ta haura mita 4. Faɗi ma ya ƙaru, kuma shi ne direba ya fi ji a jikinsa idan ya shiga lungu ko yana neman wurin fakin.

Wannan ƙarin nauyi ba daga sakacin injiniyoyi ya zo ba. A 1997 aka kafa Euro NCAP a Turai, hukumar da ke gwabza sababbin motoci da shinge tana kuma bayyana sakamakon ga jama'a, kuma ƙananan motoci ne ta fara gwadawa, a gudun kilomita 64 cikin sa'a. Rover 100, wadda asalin ƙirarta ya samo daga Austin Metro ta 1980, ta tashi da tauraro ɗaya kacal a ma'aunin taurarin da hukumar ke nuna kariyar mota da shi, ba da daɗewa ba aka daina ƙera ta. Daga nan kamfanoni suka gane cewa mai saye yana duba taurarin, sai aka shiga kauraye ginshiƙan da ke riƙe rufi, ana sa sandunan ƙarfe cikin ƙofofi, ana tsawaita gaban mota domin ya sami wurin lanƙwashewa ya shanye ƙarfin karo, ana ƙara jakunkunan iska. A kan wannan aka ɗora na'urar sanyaya ciki, da gilasai masu sauka da lantarki, da kayan toshe ƙara, da na'urar tace hayaƙi a salansa. Kowannensu ya zo da kilonsa.

Dalilin da ya sa nauyi ya zama tushen maganar shi ne cewa ba ya zuwa shi kaɗai. Mota mai nauyi tana buƙatar tayoyi masu faɗi domin ta riƙe titi, tayoyi masu faɗi suna sa sitiyari ya yi tauri har sai an sa masa abin taimako, nauyin jiki yana buƙatar sifirin masu ƙarfi domin kada motar ta riƙa kwanciya a kwana, sannan ana buƙatar babban birki da inji mai ƙarfi. Kowane mataki yana da hujjarsa, amma kowanne yana ƙara wani abu tsakanin hannun direba da kwalta.

A sitiyari ne bambancin ya fi fitowa fili, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Yawancin tsofaffin ƙananan motoci ba su da pawa sitiyari ko kaɗan: sandar ƙarfe ce ta sauko daga hannun direba zuwa wani ƙaramin haƙori da ke tura doguwar sanda mai haƙora, ita kuma ta juya tayoyi. Idan mota ta shiga kwana, tayar gaba tana ƙoƙarin komawa ta miƙe, kuma wannan ƙoƙari ne direba ke ji a matsayin nauyi a tafin hannunsa. Nauyin yana ƙaruwa yayin da tayar ke ƙara riƙe titi, amma da zarar ta kusa sulɓewa sai ya fara raguwa, sitiyarin ya yi sakwa-sakwa. Saboda haka direba yana samun gargaɗi ta hannunsa kafin idonsa ya ga komai, ya san cewa akwai yashi a kwanar, ko ruwan da ke kan kwaltar ya fi yadda ya zata. Ba sai an koya masa wannan da baki ba, hannu ne ke koya da kansa a hankali.

Da aka fara sa pawa sitiyari a ƙananan motoci, mai aiki da famfon mai ne, wanda inji ke juyawa da bel. Wannan ya rage nauyin amma ya bar yawancin saƙon yana wucewa. Matsalarsa ita ce famfon yana cin ƙarfin inji ko da motar tana tafiya a miƙe, wato yana shan mai a banza. Sai aka koma ga na lantarki, wanda Suzuki ta fara sawa a motarta Cervo a 1988, kuma a yau da wuya a sami sabuwar ƙaramar mota da ba shi take amfani da shi ba. A nan wani ƙaramin injin lantarki ne, galibi a jikin sandar sitiyari, ke ƙara nasa ƙarfin bayan wata na'ura ta auna wanda direba ya sa. Injin da haƙoransa suna da nasu nauyi da gogayya, waɗanda ke haɗiye ƙananan motsin da ke tasowa daga taya, sannan kwamfuta ce ke yanke hukuncin yawan nauyin da direba zai ji a kowane gudu. Abin ya zama kamar magana ta bakin tafinta: ma'anar tana isowa, amma sautin muryar mai maganar ya ɓace a hanya. Ribar da aka samu ita ma ba ƙarama ba ce. Sitiyarin tsohuwar mota kan buƙaci murɗa kusan huɗu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma fakin da ita aiki ne na damtse, na yau kuwa bai kai murɗa uku ba, ana juya shi da yatsu, ba ya fizgar hannu idan taya ta faɗa rami, kuma motar tana tafiya a miƙe a babban titi ba tare da an yi ta gyara mata zama ba.

Tayoyin su ma sun sauya fiye da yadda mutane ke lura. Ƙaramar mota ta shekarun 1980 takan zo da taya mai faɗin milimita 145 ko 155 a kan wili mai inci 13, kuma gefen tayar dogo ne mai lanƙwasuwa. Ta yau tana ɗauke da 185 zuwa 205 a kan wili mai inci 15 zuwa 17, da gajeren gefe mai tauri. Siririyar taya tana fara sulɓewa da wuri, amma a hankali take yi, tana kuka tana lanƙwasa, ta yadda direba kan kusanci iyakar ƙarfin motarsa a gudun da doka ta amince da shi, ya ji yana aiki tare da ita. Faffaɗar taya ta zamani, da ingantacciyar roba, tana riƙe titi har zuwa gudun da babu mai hankalin da zai kai shi a hanyar jama'a. Wannan shi ne asalin abin da tsofaffin direbobi ke nufi idan suka ce sabuwar mota ba ta da daɗi: ba ta taɓa nuna alamar wahala a tuƙin yau da kullum, don haka ba ta neman komai daga gare su. Sai dai akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba, wato idan faffaɗar tayar ta saki titi, a babban gudu take saki, kuma lokacin gyara ba shi da yawa.

Dangane da laushin tafiya, hukuncin bai tafi gefe ɗaya ba. Tsofaffin motocin Faransa musamman an san su da sifirin masu laushi da dogon motsi, suna kwanciya sosai a kwana har fasinja ya riƙe ƙofa, amma suna haɗiye gargada cikin natsuwa. Sababbi ba sa kwanciya, kuma a babban gudu sun fi natsuwa nesa ba kusa ba, amma a ƙaramin gudu kan titi mai ramuka sukan yi dukan da ake ji har a baya, musamman waɗanda aka sa wa manyan wili don ado. A ganina babban wili a ƙaramar mota yana daga cikin abubuwan da mai saye ke biya domin ya cuci kansa.

Akwai kuma halin bayan mota, wanda a nan ne jin daɗin tsofaffin motoci da haɗarinsu suka fito daga tushe ɗaya. Peugeot 205 GTI, wato nau'in 205 mai ƙarfin inji da aka ƙera don gudu, ta yi suna da cewa idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, nauyi kan koma gaba, tayoyin baya su yi sauƙi, bayan motar ya fara zagayowa. Gwani yana amfani da wannan ya saita hancin motar zuwa cikin kwana da ƙafarsa kawai. Wanda bai saba ba kuwa, wanda ya tsorata ya saki totur domin ya ga kwanar ta fi yadda ya zata, motar kan juya da shi ta fuskanci inda ya fito. Na'urar daidaita tafiya da ake kira ESC ce ta kawo ƙarshen wannan. Mercedes da Bosch ne suka fara fito da ita a 1995 a manyan motoci, kuma ta sauko ga ƙanana bayan da ƙaramar motar Mercedes mai suna A-Class ta kife a wani gwajin kauce wa cikas a Suwidin a 1997, abin da ya tilasta wa kamfanin sa na'urar a kowace ɗaya. Aikinta shi ne ta riƙa kwatanta inda sitiyari ke nuni da inda jikin motar ke juyawa a zahiri, idan suka saɓa sai ta taka birkin taya ɗaya tak, ta kuma rage ƙarfin inji, duk cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Tun daga Nuwamba 2014 dole ne kowace sabuwar mota da za a sayar a Tarayyar Turai ta zo da ita. Babu direban da zai iya taka birkin taya guda shi kaɗai, komai gwanintarsa, don haka a nan na'urar ta yi abin da ɗan Adam ba zai iya ba.

Birki ba ya buƙatar dogon bayani. Na yau ya fi, kuma ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa, yana barin direba ya ci gaba da juya sitiyari yana kan taka birki da dukan ƙarfinsa, abin da a tsohuwar mota kan kulle tayoyi ta zarce a miƙe. Ƙorafin da kawai ake yi shi ne cewa wasu sababbin suna cafkewa da ɗan taɓi, har ya yi wuya a tsaya sannu-sannu.

Inji kuwa labarinsa ya fi sarƙaƙiya. Ƙaramar mota ta da tana da kabureta, da cok da ake ja da hannu da sanyin safiya, da wayar ƙarfe da ta haɗa fedar totur da bakin injin kai tsaye. Ƙarfinta bai taka kara ya karya ba, doki 45 zuwa 55 a yawancinsu, da giya huɗu. Domin a sami tafiya sai an bar injin ya yi kuka, an canza giya a daidai lokacin, an tanadi gudu kafin hawan tudu, an kuma yi lissafi mai kyau kafin a wuce babbar mota. Dokokin hayaƙi na Turai da suka fara da Euro 1 a 1992 ne suka kori kabureta suka kawo injekta da kwamfuta, daga baya kuma matsin lambar rage shan mai ya haifar da ƙananan injuna masu silinda uku da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, irin EcoBoost mai lita ɗaya da Ford ta fito da shi a 2012. Irin wannan inji yana ba da doki 95 zuwa 125 ko fiye, kuma yana ba da ƙarfin ja tun yana juyi ƙasa da 2,000 a minti, ta yadda direba zai iya hawa tudu ba tare da ya taɓa giya ba. A gudun kilomita 120, tsohon injin yana ihu a sama da juyi 4,000, sabon kuwa yana ƙasa da 3,000 ana hira a ciki ba tare da ɗaga murya ba.

Abin da aka rasa shi ne amsawa nan take. Fedar totur ta yau ba ta haɗe da komai sai na'urar aunawa, kwamfuta ce ke karɓar buƙatar direba ta duba hayaƙi da shan mai sannan ta buɗe wa injin iska gwargwadon yadda ta ga ya dace, turbo kuma yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya cika. Haka nan idan aka saki totur domin canza giya, juyin injin ba ya faɗuwa nan da nan, domin rufe iska farat ɗaya yana ƙara gurɓataccen hayaƙi, sai kwamfutar ta riƙa saukar da shi a hankali. Wanda ya saba da tsohuwar mota yakan ji kamar ƙafarsa da injin ba sa tafiya tare. An kuma tsawaita giyoyi domin rage shan mai, har ta kai a wasu motocin giya ta biyu kan kai kusan kilomita 100, ma'ana a cikin gari da wuya direba ya sami dalilin wasa da giya.

Ya kamata a yi lissafin ƙarfi da adalci. Golf GTI ta 1976 tana da doki 110 a kan kilo 810, wato kimanin doki 135 ga kowane tan, kuma wannan ya fi na ƙaramar mota ta talakawa a yau mai doki 95 da kilo 1,150, wadda ke da kusan 83. Amma GTI ba ita ce motar da yawancin mutane suka tuƙa ba. Golf mai lita 1.1 doki 50 gare ta, wato ƙasa da 70 ga kowane tan. Idan aka haɗa kowace da tsararta, ta yau ta fi gudu, ta fi saurin tashi, ta kuma fi sauƙin wuce wata motar. Abin da ya sa ba a jin haka shi ne cewa jiki ba ya auna gudu da agogo, yana auna shi da ƙara, da girgiza, da iskar da ke busowa ta gefen gilashi, da kusancin kwalta ga ido. An toshe duk waɗannan, don haka kilomita 80 a tsohuwar Fiesta ya fi kilomita 120 a sabuwa kama da gudu. Wannan natsuwa tana rage gajiya a doguwar tafiya, tana kuma sa direba ya zarce ƙa'ida bai sani ba.

Akwai wuri ɗaya da tsohuwar mota ta yi nasara ba gardama, shi ne gani. Ginshiƙanta sirara ne, gilasanta manya ne masu saukowa ƙasa, direba yana ganin ƙarshen bonet, kuma idan ya waiga yana ganin inda motar ta ƙare. Ginshiƙin gaba na sabuwar mota, wanda aka kaurara domin ya riƙe rufi idan ta kife, yana iya ɓoye mai babur ko mai tafiya a ƙasa gaba ɗaya a mahaɗar hanya, gilashin baya kuma ya zama ɗan tsaga. An rufe giɓin da na'urori masu ƙara da kyamarar ribas, wadda Amurka ta wajabta ga sababbin motoci tun 2018, amma kyamara ba ta taimakon wanda ke ƙoƙarin leƙa kwana. Tun daga Yuli 2024 kuma kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai dole ta zo da na'urar gargaɗin wuce ƙa'idar gudu, da mai taka birki da kanta, da mai mayar da mota cikin layinta. Mai taka birkin tana da amfani a fili. Mai riƙe layin kuwa, a siririn titi ko inda fentin layi ya goge, takan ja sitiyari a lokacin da direba bai nema ba, kuma ga wanda ya saba cewa duk abin da ya ji a sitiyari daga taya ya fito, wannan ja baƙon abu ne da ke rikita saƙon.

Dole kuma a yi hattara da tunanin baya. Idan ana yabon tsofaffin ƙananan motoci, galibi 205 GTI da Golf GTI ake tunawa, ana mantawa da ɗimbin waɗanda giyarsu ke da wuyar samu, waɗanda ke ƙin tashi da sanyi, waɗanda birkinsu ke sanyi a doguwar gangara, waɗanda tsatsa ta cinye cikin 'yan shekaru. A ɗaya gefen, wanda ya gwada tsohuwar mota a yau yana gwada ta ne da robobin ƙafa da suka saki da shokozoba da suka mutu, don haka sakwarkwacewar da yake ji ta shekaru ce, ba lallai ta ƙira ba.

Ba duk sababbi ne suka bi hanya ɗaya ba. Suzuki Swift ta ci gaba da zama ƙasa da tan ɗaya a yawancin nau'o'inta, kuma ana jin hakan a yadda take sauya alkibla ba tare da jan jiki ba, wanda ke nuna cewa ana iya cika dokokin zamani ba tare da an tara nauyi mai yawa ba. Fiesta ta ƙarshe ta sha yabo kan daɗin sitiyarinta duk da cewa na lantarki ne, shaida cewa yadda aka saita na'urar yana da tasiri kamar ita kanta na'urar. Amma an daina ƙera Fiesta a Yuli 2023, bayan shekara 47, kuma Ford Puma ce ta gaje ta, mota mai tsayi daga ƙasa irin waɗanda kasuwa ta fi so yanzu. Tsayi yana ɗaga tsakiyar nauyi, sai a ƙara taurara sifirin domin hana kwanciya, a kuma ƙara girman wili, wato an sake komawa kan sarƙar da aka bayyana a sama.

Motocin lantarki sun juya lissafin ta wata fuska. Renault 5 ta asali ta 1972 tsawonta kimanin mita 3.5 ne, nauyinta kuma bai kai kilo 800 ba, mai amfani da lantarki da ta ɗauki sunanta a 2024 kuwa tana kusa da kilo 1,400. Duk da haka batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin kujeru, don haka motar ba ta kwanciya a kwana kamar yadda nauyinta zai sa a zata, kuma injin lantarki yana amsa wa ƙafa nan take, ba jiran turbo, ba canza giya, abin da ya dawo da wani ɓangare na amsawar da aka rasa tun da aka cire wayar totur. Inda nauyin ke tona kansa shi ne wajen taka birki daga babban gudu, da lokacin da kwana biyu suka biyo juna motar ta sauya gefe da sauri, da kan titi mai tudu da kwari inda sifirin ke fama da riƙe jikin da ya kusa ninka na kakarta.